KADA TSOHO YA ZAMA BAƘO A GIDANSA

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiya mukan yi maganar taki, da iri, da bashi, da farashin shinkafa. Yau za mu ƙara wata magana a kan waɗannan, watau zaman tsofaffinmu a gida. Ba zancen tuwo muke yi ba, gama a ƙasarmu da wuya a bar tsoho da yunwa muddin akwai hatsi a rumbu. Zancen kaɗaici muke yi. Mutum yana iya ƙoshi, yana da riga, yana da ɗaki, amma tun hantsi har faɗuwar rana ba wanda ya zauna kusa da shi, ba wanda ya nemi shawararsa. An kai masa kwano, an komo an ɗauke kwano, shi ke nan.

Wayar hannu, da rediyo, da wutar sola, da yadda muke tsara gida, duka suna iya rage wannan damuwa. Amma akwai sharaɗi guda: sai an shirya su yadda za su jawo mutane zuwa wurin tsohon. In ba haka ba, mun ƙara masa kaya ne kawai a ɗaki.

YADDA ZAMAN YA SAKE A ƘASARMU

A dā gida gandu ne. Uba da 'ya'yansa da jikokinsa suna noma gona guda, suna ci daga rumbu guda. Tsoho yana zaure, duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta gabansa. Tsohuwa tana tsakar gida tana kaɗi, tana lura da yara. Ba wanda ya zauna ya shirya musu hira, tsarin gidan ne da kansa yake kawo ta.

A Talata Mafara da Bakura da Maradun abubuwa uku sun girgiza wannan zama. Na fari shi ne dam na Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wanda aka fara ginawa a 1974, aka gama a 1978. Ruwan tafkin ya ci gonaki da garuruwa, aka ta da dubban mutane, Maradun ma tana cikin waɗanda aka sake wa mazauni. Maƙwabtan da suka yi shekaru suna shan inuwa guda suka rabu. Rigimar diyya da rabon gonaki ta kai ga asarar rayuka da yawa a Birnin Tudu cikin Afrilu 1980. Saurayin da yake da shekara 20 sa'ad da aka gama dam ɗin ya cika 65 a 2023. Su ne tsofaffinmu na yau.

Na biyu shi ne tafiyar matasa. Ci-ranin da a dā ake yi wata uku ko huɗu ya zama zama na dindindin a Gusau, Sakkwato, Kaduna, Abuja da Legas. Na uku kuwa, wanda ya fi zafi, shi ne rashin tsaro. Ba mu manta da ɗaukar 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairu 2021 ba, ko harin kwalejin aikin gona ta Bakura cikin Agusta na wannan shekara. Hanyar da tsohuwa takan bi ta je biki ko gaisuwar mutuwa a ƙauyen 'yar'uwarta ta zama abin tsoro. Waɗansu tsofaffi an bar su a ƙauye, waɗansu an kawo su gari an ajiye su a ɗakin haya inda ba su san kowa ba.

Akwai darasi kuma da Bakolori ta koya mana game da na'ura. An shirya aikin domin ya shayar da kimanin hekta 23,000, mafi yawansu ta hanyar injunan feshin ruwa masu bukatar wutar lantarki da kayan gyara daga waje. Da tafiya ta yi tafiya feshin ya tsaya, ɓangaren da ruwa yake gangarowa da kansa ta kanal ne ya ci gaba da ciyad da mutane. Na'urar da mai amfani da ita bai iya riƙonta ba, ba ta daɗewa. Mu riƙe wannan sa'ad da za mu saya wa iyayenmu wani abu.

KAƊAICI CIWO NE

Kada mu ɗauka wannan damuwa ta Turawa ce kaɗai. Gaskiya ne Ingila ta naɗa minista domin sha'anin kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Amma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Yuni 2025 ya nuna mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe matalauta, inda ya kai kusan kashi 24 cikin 100, alhali a ƙasashe masu arziki kusan kashi 11 ne. A cikin tsofaffi, waɗanda suka yanke daga cuɗanya da jama'a suna iya kai 1 cikin 3. Hukumar ta danganta mutuwar mutum wajen 871,000 kowace shekara da wannan hali.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda ba a ziyartarsa ba ya cin abinci sosai, ba ya motsa jiki, ba ya samun barci mai kyau, ba kuwa wanda zai lura ya daina shan maganin hawan jini. Likitoci sun ga kaɗaici yana ƙara haɗarin ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ruɗewar tunani. Idan tsoho ya yi shiru ya daina fitowa, kada mu ce tsufa ne kawai. Mu bincika.

A FARA DA IDO DA KUNNE

Sau da yawa ba ƙin mutane ne yake sa tsoho ya janye ba. Ba ya gane fuska sai an matso, ba ya jin abin da ake faɗi, yana jin kunyar cewa a maimaita. Binciken makanta da aka yi a dukan Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya sami mutum 4 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce babban sanadi. Yanar ido kuwa ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya koma gani. Asibitin ido na ECWA a Kano yana wannan hidima tun 1943, ana kuma yin aikin a manyan asibitocin Gusau da Sakkwato. Tabarau na karatu mai araha yakan sa mutum ya sake ganin lambar waya da ramin allura.

Wajen kunne, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka wuce shekara 60 suna da raunin ji mai tsanani. Wani lokaci dattin kunne ne ya toshe, ma'aikacin lafiya yana iya wanke shi. Kada a sa tsinke ko gashin kaza. In za mu yi magana da mai raunin ji, mu fuskance shi a wuri mai haske, mu yi a hankali, ba da tsawa ba. Kafin a sayi waya, a duba ido da kunne, gama su ne ƙofar da zance yake shiga.

TSARIN GIDA

Mai gini yana iya kusantar da tsoho ga jama'a, yana kuma iya nisanta shi, da tubali iri guda. Ga abubuwan da ya kamata mu duba.

1. Wurin ɗaki. Kada a kai tsoho ƙuryar gida da sunan a ba shi hutu. Ɗakin namiji ya kasance kusa da zaure. Na tsohuwa ya fuskanci tsakar gida, inda take ganin murhu da turmi da wurin wasan yara.

2. Dokin ƙofa. Mukan ɗaga shi domin ruwan damina, amma shi ne yake tsare mai ciwon gwiwa a ɗaki. A yi masa gangara da ƙasa ko siminti, a kafa sanda mai ƙarfi a gefe domin dafawa, a shafa farar ƙasa a bakinsa yadda mai raunin ido zai gan shi. Kusan 1 cikin 3 na waɗanda suka kai shekara 65 sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, wanda ya taɓa faɗuwa kuwa yakan ji tsoron sake fita.

3. Wurin zama. Tashi daga tabarma yana da wuya ga tsohuwar gwiwa. A gina dakali mai tsayin kamu guda, watau wajen santimita 45, mai wurin jingina, mai faɗin da zai ɗauki mutum uku ko huɗu. Dakali na mutum ɗaya ba ya kawo hira.

4. Inuwa. A watannin Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a yankinmu, ɗakin kwano kuwa ya zama tanda. A yi rumfa ta kara ko zana a ƙofar ɗaki, a sa rufi na asabari ƙarƙashin kwano, a dasa darbejiya ko mangwaro. Inda inuwa take, can mutane suke taruwa.

5. Taga. A saukar da ita yadda mai zaune ko mai kwance zai ga waje, masu wucewa su ma su iya gaishe shi.

6. Makewayi. Ya kasance kusa, hanyarsa ba turke, ba igiya, ba rami. A gina masa mazauni mai ɗan tsayi da abin dafawa. Tsofaffi da dama sukan rage shan ruwa da zuwa taro saboda wahalar wannan wuri, ba sa kuwa faɗi.

Yawancin waɗannan aikin gayya ne na yini ɗaya ko biyu, da ƙasa da itace da buhun siminti.

A SA ABIN BUKATA A ƘOFAR TSOHO

Wannan ita ce dabarar da muke so kowace ƙungiya ta riƙe. Mutane sukan je inda bukatarsu take. Saboda haka, in gida zai sayi farantin sola, a kafa shi bisa ɗakin kaka, wurin caji ya kasance a rumfarta. Faranti na wat 20 da ƙaramin batir ya isa ya kunna ƙwai 2 ko 3 da dare, ya yi cajin wayoyi kaɗan da rana. Saurayin da ya kawo wayarsa caji zai ce, "Inna, ina wuni?" Zai komo ɗauka, ya sake gaisuwa, ya ba da labarin kasuwa. 'Yan makaranta za su zo karatu inda fitila take, in sun gama su nemi tatsuniya.

Haka kuma randar ruwan sanyi, da mudun awo, da mabuɗin rumbun iri, da akwatin adashi. Idan suna hannun tsoho, ba ranar da za ta wuce ba a yi sallama da shi ba. Ba wanda ya zo domin tausayi, shi ma bai ji ya zama kaya ba, gama aiki yake yi.

WAYAR DA TA DACE

Tun da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ɗan da yake Legas yana iya jin muryar uwarsa a Bakura. Amma ba kowace waya ce ta dace da tsoho ba. Babbar waya ta shafawa tana shan caji, tana fashewa, yatsan manomi mai kanta kuma ba ya tafiya daidai a kanta. Ƙaramar waya mai madannai, mai ƙara sosai, mai tocila da rediyo, wadda cajinta yake kwanaki, ita ta fi. A tambayi mai ita abin da yake so kafin a saya.

Mafi yawan ƙananan wayoyi suna da hanyar ɗaura lambar mutum a madanni guda, in an danne shi an riƙe sai kira ya tafi. A ɗaura babban ɗa a 2, 'ya a 3, maƙwabci a 4. A ɗiga fenti mai launi dabam-dabam a kansu, yadda wanda bai yi karatu ba zai gane. A koya masa sau da yawa ba tare da gajiya ba, a bar shi ya danna da hannunsa. A ɗinka wa wayar 'yar jaka mai igiyar rataya.

A tsai da lokacin kira. Idan tsohuwa ta san kowace Lahadi da yamma ɗanta zai kira, mako nata ya sami abin jira. Masu kira kuma su ba da lokaci. Kiran "an ga kuɗin?" ba hira ba ne. A tambaye ta yaushe ya kamata a yi shuka, wane suna za a sa wa jariri, wa ya haifi wane a dangi.

Inda akwai babbar waya a gida, jika ya zama ɗan aike. Saƙon murya na WhatsApp ba ya bukatar iya rubutu, yana kuma jira har sabis ya samu. Kiran da ake ganin fuska yana sa kaka ta ga jikan da aka haifa a nesa. Amfani biyu ke nan: ta ji na nesa, na kusa kuma ya zauna tare da ita.

Sai gargaɗi uku. A yi rajistar layin da sunan tsohon da lambarsa ta NIN, gama tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa su, an kuma rufe layuka masu yawa saboda rashin haka. A riƙa amfani da layin, domin wanda ya yi watanni a ajiye kamfani yakan ba wani. A kuma gaya masa sarai: banki ba ya kira ya tambayi lambar sirri ko BVN. Duk wanda ya kira ya ce ɗanka ya yi haɗari a aiko da kuɗi, a kashe waya, a nemi ɗan ta lambar da aka sani.

RAN DA WAYA TA YI SHIRU

A farkon Satumba 2021 hukuma ta rufe sabis na waya a dukan Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran wurare sai wajen ƙarshen Nuwamba. An kuma rufe kasuwannin mako. Wanda zumuncinsa duka yake cikin waya ya wayi gari ba kowa. Wanda yake da maƙwabci mai leƙowa bai rasa mai gaishe shi ba. Shi ya sa muke cewa waya guga ce, ba ita ce rijiya ba.

Rediyo bai yi shiru ba a lokacin. Tsofaffinmu sun saba da shi, gama sashen Hausa na BBC ya fara tun 1957, Rediyon Kaduna kuma tun 1962. Rediyo mai caji da hasken rana ya raba mu da sayen batir. Amma ya fi amfani in an ji shi tare. Mutum huɗu a dakali suna jin labarai, an kashe, gardama ta tashi, hira ta samu.

Rediyo mai cin memori ya maido mana da wata tsohuwar dabara. A shekarun 1980 mutanen da suke nesa sukan ɗauki muryarsu a kaset su aiko gida. Yau ana iya ɗaukar gaisuwar 'ya'ya da jikoki, ko sujadar Lahadi domin wanda ƙafa ta hana shi zuwa, a sa a memori, a ba amintaccen direba ko wanda ya zo cin kasuwar Talata. Wannan ba ya bukatar sabis, tsoho kuwa yana iya maimaita ji yadda ya ga dama.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

Kada mu ɗauki tsoho a kan mai karɓa kaɗai. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006. Ya koya wa tsofaffin mata yadda za su saurari masu damuwar zuciya, aka ajiye musu benci a harabar asibitocin unguwa. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi bisa waɗanda aka ba kulawar da aka saba. Kayan aikin duka benci ne da kunne.

Mu ma muna da irin wannan arziki. Tsofaffinmu sun san fadamar Gulbin Sakkwato kafin dam. Sun san irin gero da dawa da suke jure fari, da iyakokin gonaki, da yadda aka tsira a yunwar 1973. Matasan ƙungiya su ɗauki waya su je su yi tambaya, su ɗauki muryar da izinin mai ita, a saurara a taro. Ranar da saurayi ya zo da tambaya, ranar tsoho yakan gyara zama.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa a 2021, ta kuma buɗe cibiyar kula da dattawa a Abuja. Amma daga Abuja zuwa ƙofar kaka akwai nisa. Ga abin da yake hannunmu:

1. A rubuta sunayen dukan tsofaffin unguwa, namu da na maƙwabta, ba tare da duban addini ko kabila ba. A sa alama ga masu zama su kaɗai, da gwauraye, da waɗanda suka yi gudun hijira.

2. A raba su ga membobi, kowane tsoho ya sami mai leƙa shi aƙalla sau biyu a mako. Zumuntar mata ta ɗauki tsofaffin mata.

3. Bayan girbi a keɓe mudu ɗaya ko biyu daga kowane memba domin asusun fitila, tabarau da kuɗin motar zuwa asibitin ido.

4. Da rani a yi gayyar gyaran dakali, dokin ƙofa da makewayi, gida ɗaya kowane mako.

5. A zaɓi matasa biyu, namiji da mace, su zama masu koyar da waya da duba sola.

6. Wani lokaci a kai taron ƙungiya ƙofar memban da ya daina iya zuwa.

TAMBAYOYI DOMIN TARO

Wane tsoho ne a unguwarmu muka yi wata guda ba mu gani a waje ba, me ya hana shi? A gidajenmu, mutum nawa ne suke bi ta ƙofar kaka a yini? In sabis ya sake ɗaukewa gobe, wa zai kai mata labarin 'ya'yanta?

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Waya da sola da dakali ba su soke wannan magana ba, gajarta wa ƙafa hanya suke yi. Dakalin da muka gina wa iyayenmu bana, in Allah ya ba mu tsawon rai, mu ne za mu zauna a kansa.